Zafin cikin ƙasa: Yadda wasu ƙasashe suka mayar da shi wutar lantarki

Duk wanda ya taɓa zuwa gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi, ya shiga ruwan Wikki da asubar hunturu, ya san ruwan ba ya sauya hali. Ko rani ko damina, ko dare ko rana, ɗuminsa na nan wajen digiri 31 a ma'aunin Selshiyos. Ba rana ce ke ɗumama shi ba, kuma babu mai hura masa wuta, daga cikin ƙasa yake ɓulɓulowa da ɗuminsa.

Wannan zafi da mu muke wanka da shi, wasu ƙasashe sun tona rijiyoyi masu zurfin kilomita biyu zuwa uku sun cim masa a inda ya fi tsanani, suka mayar da shi wutar lantarki. A Kenya, fiye da kashi 40 cikin ɗari na wutar da ake samarwa daga nan take fitowa. A Iceland kuwa, gida tara cikin goma da shi suke korar sanyi.

Sai dai idan aka haɗa tashoshin irin wannan makamashi na duniya baki ɗaya, ƙarfinsu bai wuce megawat dubu 16 da 'yan kai ba, abin da bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na lantarkin da duniya ke sha ba. A shekarar 2023 kaɗai, na'urorin hasken rana da aka girka a duniya sun haura megawat dubu 300. To me ya sa makamashin da ba ya faɗuwa da magariba, ba ya jiran iska, ba ya raguwa idan damina ta yi gardama, ya tsaya a baya haka? Amsar tana cikin tarihin ƙasashen da suka ci moriyarsa.

Daga ina zafin yake?

Masana ƙasa sun ce tsakiyar duniya na da zafin da ya haura digiri 5,000. Wani ɓangare nasa saura ne daga lokacin da duniyar ta samu, wani kuma yana fitowa ne daga wasu ma'adinai irin su yuraniyom da ke narkewa a hankali cikin duwatsu suna sakin zafi. A mafi yawan wurare, duk kilomita ɗaya da mutum ya nutsa cikin ƙasa, zafi na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. Ke nan zafin yana ƙarƙashin Kano kamar yadda yake ƙarƙashin Nairobi, bambancin dai shi ne nisan da za a yi kafin a same shi.

Ɓawon duniya ba dunƙulalle ba ne, manyan falale ne da ke gogayya da juna. Inda biyu suka haɗu ko suke rabuwa, narkakken dutse kan taso kusa da doron ƙasa. A nan ake samun duwatsu masu aman wuta, da girgizar ƙasa, da maɓuɓɓugan ruwan zafi. Shi ya sa jerin ƙasashen da ke kan gaba a wannan fanni ya yi kama da jerin ƙasashen da ke fama da aman wuta: Amurka mai kusan megawat 4,000, sai Indonesiya mai sama da 2,000, Filifins mai kusan 2,000, Turkiyya mai wajen 1,700, sannan New Zealand, Kenya, Meziko, Italiya, Iceland da Japan.

Kafin wuri ya yi amfani, sai abubuwa uku sun haɗu: dutse mai zafi, ruwa, da tsagogin da ruwan zai bi. Idan aka yi dace da busasshen tururi, kai tsaye ake tura shi ya juya farfelar injin, ita kuma ta juya janareta. Irin wannan wuri ba shi da yawa a duniya. Abin da aka fi samu shi ne ruwa mai zafin da ya haura digiri 180, wanda nauyin ƙasa ya danne ya hana shi tafasa. Da zarar ya hauro sama danniyar ta ragu, sai wani ɓangarensa ya rikiɗe ya zama tururi. Hanya ta uku ta inda ruwan bai kai haka zafi ba ce: sai a sa ya ɗumama wani sinadari mai saurin tafasa, tururin sinadarin ne zai juya injin. A dukkan hanyoyin, tashoshin zamani kan mayar da ruwan ƙasa ta wata rijiya dabam domin ya sake ɗaukar zafi.

Ƙwayayen lantarki biyar a Italiya

A yankin Tuscany na Italiya akwai wani kwari da ƙasa ke ta huci da tururi tun zamanin da. A ƙarni na 19 wani ɗan kasuwa haifaffen Faransa, Francesco de Larderel, ya kafa masana'antar fitar da sinadarin borik daga ruwan wurin, har garin ya ci sunansa, Larderello. A shekarar 1904 ne Piero Ginori Conti, wanda ke tafiyar da masana'antar, ya haɗa ƙaramin inji da tururin ya kunna ƙwayayen lantarki da ba su wuce biyar ba. A 1913 aka buɗe tashar kasuwanci ta farko a wurin, mai ƙarfin kilowat 250. Har yau Larderello na ba da wuta, shekara fiye da ɗari ke nan.

Italiya ta daɗe ita kaɗai a fagen. Sai a 1958 New Zealand ta buɗe tashar Wairakei, Amurka kuma ta biyo baya a 1960 da filin The Geysers da ke arewacin Kalifoniya, wanda ya zama mafi girma a duniya.

The Geysers ya koya wa kowa darasi. Kamfanoni suka yi ta tona rijiyoyi suna zuƙar tururi, har ƙarfin tashoshin ya kai wajen megawat 2,000 a ƙarshen shekarun 1980, daga nan sai tururin ya fara ja da baya. Zafin dutsen bai tafi ko'ina ba, ruwan ne ya kusa ƙarewa. Maganin da aka samo ya zo da ban mamaki: tun daga 1997 aka shiga janyo tataccen ruwan ƙazanta na garuruwan da ke kusa ana ɗura shi cikin ƙasa, a 2003 kuma aka ƙara da bututu daga birnin Santa Rosa. Abin da gari ke neman inda zai zubar, shi ya farfaɗo da filin, ko da yake bai koma yadda yake a da ba.

Tsadar mai ta 1973

Lokacin da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a 1973, ƙasashe masu sayar da mai irin Najeriya sun shiga daula, masu saye kuma suka shiga uku. Iceland na cikin na biyun. Tsibiri ne mai tsananin sanyi, mutanensa har yau ba su wuce dubu 400 ba, kuma a wancan lokaci kusan rabin gidajensa da mai ake ɗumama su.

Ba sabon abu ba ne a wurinsu, domin tun 1930 aka fara jan ruwan zafi zuwa wata makaranta da wasu gine-gine a Reykjavik, babban birnin ƙasar. Abin da ya sauya bayan 1973 shi ne gwamnati ta ɗauki abin da gaske. Akwai asusun makamashi da ke ba ƙananan hukumomi da manoma rancen tona rijiya, da sharaɗin cewa idan rijiyar ba ta ba da ruwan zafi ba, za a iya yafe bashin. Wannan sharaɗi ne ya ba garuruwa ƙwarin gwiwar gwadawa.

Yau ruwan zafin na bi ta bututu ya shiga gidaje, ya bi ta ƙarƙashin wasu titunan Reykjavik yana narkar da ƙanƙara, ya ɗumama rumfunan gilashi da ake noman tumatir da kokwamba a ƙasar da rana ke yi wa rowa rabin shekara. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi 30 cikin ɗari na lantarkin ƙasar ma daga nan yake, sauran daga madatsun ruwa. Tashar Hellisheidi kaɗai na da ƙarfin megawat 303. Shahararren wurin wankan nan da ake kira Blue Lagoon, wanda masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi mai yawa su shiga, asalinsa ruwan da tashar Svartsengi ke zubarwa ne ya taru ya zama tafki.

Amma mai kwana kusa da murhu ba ya rasa ƙuna. A watan Fabrairun 2024, narkakken dutse daga aman wutar da aka yi kusa da garin Grindavik ya malalo ya katse babban bututun ruwan zafi na Svartsengi, dubban mutane suka yi kwanaki babu abin ɗumama gida a tsakiyar hunturu.

Filifins ma tsadar man ce ta kora ta. A 1979 ta buɗe tashoshin Tiwi da Mak-Ban, ta kuma daɗe tana matsayi na biyu a duniya kafin Indonesiya ta wuce ta a 2018.

Kenya: Rijiyoyin Olkaria

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Kenya. Babban kwazazzabon Gabashin Afirka, inda nahiyar ke tsagewa gida biyu a hankali, ya ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu. A cikinsa ne Olkaria yake, kusa da tafkin Naivasha, akasarinsa a cikin gandun dajin Hell's Gate, inda jakunan dawa da raƙuman dawa ke kiwo a gefen bututan tururi.

Tun shekarun 1950 aka tona rijiyoyi biyu na gwaji a wurin, ba su yi abin kirki ba, aka watsar. A farkon shekarun 1970 aka dawo da bincike da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai a 1981 injin farko mai megawat 15 ya fara aiki, wanda ya sa Kenya ta zama ta farko a Afirka. A 1985 tashar ta kai megawat 45. Daga nan tafiya ta yi sanyi na tsawon shekaru, domin ƙasar ta dogara ne da madatsun kogin Tana. Fari ne ya tashe ta daga barci. A 1999 da 2000 madatsun suka janye, aka shiga rabon wuta, masana'antu suka tafka asara, gwamnati ta koma hayar manyan janaretocin dizal da tsada.

Matsalar da ta fuskanta ita ce matsalar wannan fanni a ko'ina. Rijiya ɗaya kan ci dalar Amurka miliyan biyar ko fiye, kuma duk binciken da masana za su yi daga sama, ba a tabbatar da abin da ke ƙasa sai an tona. A sabon fili ba abin mamaki ba ne rijiyoyin farko su fito babu komai. Mai zuba jari a hasken rana ya san yawan ranar da zai samu tun kafin ya kashe ko sisi. Mai tona rijiyar tururi kuwa sai ya narkar da miliyoyi tukuna ya san ko yana da haja. Banki ba ya son ba da rance a kan irin wannan, ga shi daga fara bincike zuwa kunna wuta kan ɗauki shekara biyar zuwa goma.

Kenya ta warware ƙullin ne ta hanyar ɗora kasadar a wuyan gwamnati. Kamfanin samar da lantarki na KenGen, wanda gwamnati ce ke da mafi yawan hannun jarinsa, ya ci gaba da faɗaɗa Olkaria da rance mai sauƙin ruwa daga Bankin Duniya, da Bankin Zuba Jari na Turai, da hukumomin raya ƙasashe na Japan, Jamus da Faransa. A 2008 kuma aka kafa wani kamfanin gwamnati, GDC, wanda aikinsa shi ne ya tona rijiyoyi, ya tabbatar da tururi, sannan ya sayar wa 'yan kasuwa masu gina tashoshi. Da wannan tsari aka buɗe filin Menengai kusa da Nakuru, inda tasha ta farko mai megawat 35 ta fara aiki a 2023, bayan jinkiri mai tsawo.

Tsakanin 2014 da 2015 kaɗai an ƙara megawat 280 a Olkaria. Yanzu ƙarfin da Kenya ke da shi daga zafin ƙasa ya kusa megawat 1,000, wato ya zarce megawat 760 da aka girka a madatsar Kainji. Kuma tashar tururi ba ruwanta da cikar kogi ko janyewarsa, tana iya aiki kusan kowace sa'a ta shekara in ban da lokacin gyara.

Akwai wani jari da ba a cika ambata ba, shi ne na mutane. Tun 1978 Iceland ta kafa shirin horar da ƙwararru daga ƙasashe masu tasowa a ƙarƙashin Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma Kenya na cikin waɗanda suka fi tura injiniyoyi. Yau KenGen ne ke karɓar kwangilar tona rijiyoyi a Habasha da Jibuti. Gonakin furanni na Naivasha ma sun samu rabonsu, inda gonar Oserian ke ɗumama rumfunan wardi da zafin rijiya kafin a kai furannin kasuwannin Turai.

Ba a rasa ƙorafi ba. Domin gina tasha ta huɗu a Olkaria, an tashi iyalan makiyayan Masai kimanin 150 daga matsugunansu a 2014. Sun kai kuka ga sashen sauraren ƙorafi na Bankin Duniya da na Bankin Zuba Jari na Turai, binciken ya gano kurakurai a yadda aka yi aikin, aka shiga sulhu. New Zealand ta bi wata hanya a wasu filayenta: a Mokai, amintattun 'yan ƙabilar Maori masu ƙasar ne ke riƙe da mafi yawan hannun jarin tashar. Sannan yana da kyau mai karatu ya sani cewa tururin Olkaria bai hana 'yan Kenya kukan tsadar kuɗin wuta ba, bai kuma hana babban layin wutar ƙasar durƙushewa ba. A watan Agustan 2023 kusan ƙasar duka ta faɗa cikin duhu, har da filin jirgin saman Nairobi. Samar da wuta dabam, kai ta gidan mai saye dabam.

Masu arziƙin da ba su taɓa ba

Indonesiya na da ɗaya daga cikin manyan rumbunan zafin ƙasa a duniya, ana ƙiyasta shi da sama da megawat dubu 20, amma abin da take amfani da shi wajen kashi ɗaya cikin goma ne kawai. Tana da kwal mai araha, filayen tururin kuma da yawansu na cikin dazuzzukan da doka ta kare.

Na Japan ya fi ɗaure kai. Ita ce ta uku a duniya wajen yawan wannan arziƙi, kamfanoninta irin su Toshiba, Mitsubishi da Fuji ne ke ƙera akasarin injinan da sauran ƙasashe ke girkawa, har da na Olkaria. Duk da haka abin da take samu daga zafin ƙasa bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na lantarkinta ba. Mafi yawan wuraren suna cikin gandayen ƙasa, sannan masu gidajen wankan ruwan zafi na gargajiya, waɗanda sana'arsu ta yi ɗaruruwan shekaru, na tsoron kada rijiyoyi su ƙafar musu da maɓuɓɓuga.

Turkiyya ta nuna abin da doka ke iya yi. A 2010 ƙarfinta bai kai megawat 100 ba. Da gwamnati ta yi dokar ba da lasisi, ta kuma yi alƙawarin sayen wutar a kan tsayayyen farashi da dala na shekara goma, sai 'yan kasuwa suka yi rububi a lardunan Aydin, Denizli da Manisa. Cikin shekara goma ƙarfin ya ninka fiye da sau goma sha biyar. Gaggawar ta zo da nata: manoman ɓaure da zaitun na Aydin sun daɗe suna zanga-zanga kan warin iskar da tashoshin ke fitarwa da ruwan da suke zargin yana lalata musu gonaki.

Ba sai an yi lantarki ba

Ƙasashe da dama na amfani da zafin kai tsaye, kuma wannan bai buƙatar dutse mai aman wuta. Sin ce kan gaba, inda take ɗumama unguwanni a biranen arewacinta domin rage hayaƙin kwal. A kewayen birnin Paris na Faransa, tun 1969 ake janyo ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 80 daga zurfin da ya kusa kilomita biyu ana ɗumama dubban gidaje. Faransa ma ta kafa asusun inshora da ke biyan wanda rijiyarsa ta gaza. A wasu wuraren ana busar da amfanin gona, ana kiwon kifi, ana dafa madara don kashe ƙwayoyin cuta.

Haɗarin da ke ciki

Hayaƙin da tashoshin ke fitarwa ya yi ƙasa sosai da na kwal ko iskar gas, in ban da wasu filayen Turkiyya da duwatsunsu ke sakin iskar kabon mai yawa. Babban abin tsoro shi ne wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kisa idan ta yi yawa. A watan Janairun 2021 ta hallaka mutum biyar a kusa da tashar Sorik Marapi a tsibirin Sumatra na Indonesiya.

Sai girgizar ƙasa, musamman inda ake ɗura ruwa da ƙarfi domin fasa dutse. A birnin Basel na Suwizalan, girgiza mai ƙarfin maki 3.4 a 2006 ta sa aka dakatar da wani aiki, daga baya aka soke shi. A Pohang ta Koriya ta Kudu, wadda aka yi a Nuwamban 2017 ta kai maki 5.4, ta jikkata mutane da dama, ta raba fiye da dubu da gidajensu. A 2019 kwamitin da gwamnati ta naɗa ya tabbatar da cewa tashar gwaji da ke kusa ce ta tayar da ita.

Duk da haka, wannan hanya ta fasa dutse ita ce ake sa wa rai yanzu, domin ita ce za ta iya raba makamashin da dogaro da sa'ar wuri. Kamfanin Fervo na Amurka ya aro dabarar masu haƙar mai ta tona rijiya ta miƙe ƙasa sannan ta kwanta a gicciye, ya fara ba da wuta a Jihar Nevada a 2023 bisa yarjejeniya da Google, yana kuma gina babbar tasha a Jihar Utah. A rahotonta na Disamban 2024, Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce idan kuɗin tonon ya ci gaba da sauka, zafin ƙasa zai iya biyan kashi 15 cikin ɗari na ƙarin buƙatar lantarkin duniya nan da 2050.

Ina Najeriya ta tsaya?

Najeriya ba ta kan bakin falalen da ke gogayya, saboda haka kada a yi tsammanin wani Olkaria a nan kusa. Amma alamu na nan. Ban da Wikki, akwai Ikogosi a Jihar Ekiti, da Akiri a Nasarawa, da Ruwan Zafi na Lamurde a Adamawa, wanda zafinsa ya haura digiri 50. Akwai tsofaffin duwatsun aman wuta a tsaunukan Biu da Jos. A maƙwabta kuma akwai Tafadek kusa da Agadez a Nijar, da Soborom a tsaunukan Tibesti na Chadi, da Dutsen Kamaru da har yanzu yake aman wuta lokaci-lokaci.

Ruwan da ke fitowa a waɗannan wurare bai isa juya injin lantarki ba yadda yake, ko da yake zai iya busar da tumatir ko ɗumama tafkin kifi. Tashar Chena da ke Alaska, wadda aka sani da aiki da ruwa mafi ƙarancin zafi, da digiri 74 take amfani. Abin da ke can ƙasa kuwa sai rijiya mai zurfi za ta faɗa. Rijiyoyin neman mai da aka tona a yankin tafkin Chadi da kwarin Binuwai sun bar bayanan zafin da aka auna a cikinsu, kuma masana a jami'o'in ƙasar nan sun yi rubuce-rubuce a kai. Har zuwa yanzu dai Najeriya ba ta da tashar lantarki ko ɗaya mai aiki da zafin ƙasa, asusun rage kasadar tono da Tarayyar Afirka ta kafa a 2012 da taimakon Jamus da Tarayyar Turai kuma ƙasashen Gabashin Afirka aka yi wa shi.